Kalmar da Na Kai wa Inna

A gidanmu ni ce kunnen Inna. Ba ta shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, kuma ban taɓa ganin ta ji kunyar hakan ba, amma duk maganar da ta zo da bakin da ba namu ba, wurina take juyowa. In rediyo ya koma Faransanci sai ta ɗaga kai ta dube ni. In saƙo ya shigo salularta sai ta miƙo mini da hannu biyu, kamar mai miƙa ƙwai. Abin da na ce an ce, shi ke nan an ce.

Har tsakaninta da Yaya ni ce hanya. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira ido da ido. Ko yana tsakar gida tana ganinsa, ni za ta ce wa, "Ce ma wancan tuwonshi na hucewa." Shi kuma ya amsa da ƙarfi, yana kallon sama, "Auta, ce ma Inna na ji." Tun ina ƙarama nake wannan aiki, ina kai magana tsakanin mutum biyu da ke jin juna sarai, kuma ina jin daɗinsa ƙwarai.

Ƙauyenmu yana gindin tudu a ƙasar Keita. Mahaifinmu ya rasu ina ajin farko na kolej, ya bar mana gona biyu, ta kwari da ta tudu. Ta tudun nan kafin a haife ni ba gona ba ce. Fako ne, jar ƙasa mai tauri kamar daɓen ɗaki, da baƙaƙen duwatsu warwatse ko'ina. Ruwan sama in ya sauka ba ya ko tsayawa gaisuwa, sai ya gangara kwari da gudu. A shekarun da aka kawo aikin gyaran fako ƙasarmu, maza suna cirani, mata ne suka fito, Inna tana cikinsu. Da aikin ya wuce wasu garuruwa ita ba ta daina ba. Ta koma fakon mijinta tana tsintar dutse ɗaya ɗaya, tana ɗorawa a gammo, tana jerawa layi layi a gicciye, yadda ruwa in ya taho zai yi tuntuɓe ya zauna. Yaya yana goye a bayanta a lokacin. Shekara da shekaru ƙasa tana taruwa a bayan kowane layi, har ciyawa ta fito, har bagaruwa ta kama, har aka shuka hatsi aka ɗaure damma. A tsakar kan Inna akwai wurin da gashi bai sake fitowa ba. In ina yi mata kitso ina zagaye shi a hankali.

Ni kuma Ingilishi nake so. Faransanci na jarrabawa ne da ofis, da shi ake yi mana faɗa. Ingilishi kuwa ba wanda ke neman komai da shi a garinmu, sai ya zama mini kamar ɗakin da ba kowa, in shiga in rufe ƙofa in zauna. Ina lise, babbar sakandare, a Madawa, ina zaune gidan gwaggona, wata rana da zafi malamin Ingilishi, mushe kamar yadda muke kiran malamai maza, ya rubuta mana dangin kalmomi a allo. Ya ce duk na watsewa ne, da rabuwa, da ɓarna. Scatter, disperse, separate, waste, dissipate. Da ya kai ta ƙarshe ajin ya fashe da dariya, duk aka juyo ana kallona, don da ƴar'uwarta ta Faransanci malamai ke kirana, wai hankalina ba ya zama, kullum idona na taga. Mushe ya ce a'a, a Ingilishi gajimare ne ke yin haka, ya yi ta sirancewa har a neme shi a rasa, ko dukiya a hannun wanda bai san zafinta ba. Ban ji haushi ba. In dai da gajimare aka haɗa ni, na yarda.

Amma wadda ta shiga raina ita ce ta farko. Mushe ya ajiye alli, ya riƙe ƙwarya da ba a gani a ƙugunsa, ya riƙa ɗiba yana watsawa yana tafiya tsakanin tebura. Ya ce manomi ke nan da iri, wannan shi ne scatter. Nan take na ga matan garinmu a kan tudu gabanin damina, suna watsa irin ciyawa cikin ramukan tare ruwa da ake ce wa rabin wata, iska tana ɗaga gyalensu. Na yi ta maimaita kalmar a hanya har gida. Tana da ƙara kamar ta tsaba a kan busasshiyar ƙasa.

Yaya ya iya Ingilishi, irin na Ikko. Can yake cirani tun ina firamare, yana dawowa kowace damina da atamfar Inna da takalmina da labarai. Yakan zauna gindin dogon yaro yana dafa shayi, ya ce, "Malama, zo a gwada ki. Mi ake ce ma tukunya?" In na faɗa daidai ya ba ni kofin farko, in na kuskure ya ce an yi asarar kuɗin alli. Shi ne mutum ɗaya a duniya da nake buɗe wa ɗakin nan nawa.

A shekarar da nake ba da labari ya dawo da wuri, tun ba a fara hadari ba, kuma ba jaka. An tashe su daga inda suke kasa kaya, abin da ya ce ke nan, bai ƙara ba. Ya rame. Yana yawan tafiya Madawa, yana dawowa da ƙura a ƙafa da shiru a baki. Da na zo hutu na yi ƙoƙarin tayar da wasanmu. Na jera masa sababbin kalmomina, har na tashi na kwaikwayi mushe da ƙwaryarsa. Yaya ya yi ƴar dariya, ya ce, "Scatter? Wannan kullum muna hwaɗinta can." Na ce watsa iri. Ya ce, "To, Malama."

Wata rana da hantsi na zagaya bayan rumbu zan ba awaki dusa, sai na ji muryarsa yana waya. Ingilishi yake yi, da sauri, irin wanda kalmomi ke hawan juna. Ban kama duka ba. Na kama farm, gona. Na kama waste, wadda mushe ya ce ɓarna ce, abu mai amfani a bar shi ya tafi a banza. Sai kuma na ji, sarai kamar an kira sunana, "We go scatter am."

Damina biyu ke nan ba a shuka saman gonar tudu ba, don gwiwoyin Inna sun daina hawa. Sai na ɗauki kalmomin nan uku na ɗinke su da zaren kaina: gonar tana tafiya a banza, za mu watsa mata iri. Na ajiye kwanon dusa, awaki suka yi ta rububi, na fito da gudu.

"Yaya! Na ji ka!"

Ya juyo a firgice, salular ta kusa suɓuce masa. "Kin ji mi?"

"Scatter ka ce. Gonar tudu ko? Iri za ka watsa?"

Ya tsaya yana kallona. Wani abu ya gifta ta fuskarsa, kamar inuwar tsuntsu a kan ruwa. Har yau ina komawa wurin nan ina dubawa, don a nan ne yake da hanya biyu a gabansa. Sai ya yi murmushi.

"Kai, Auta! Ashe ba a ɓoye miki magana ko da Ingilishi."

"Irin mi za ka watsa?"

"Ke da kinka san kalmar, ƙarasa mana."

"Ciyawa? Kamar yadda ake yi cikin rabin wata?"

"Kin gani? Shi ya sa nike ce miki Malama. Mota za ta zo da ma'aikata."

"In hwaɗa ma Inna?"

Ya saka salular a aljihu, ya kaɗe rigarsa. "Tahi ki hwaɗa mata. Ta fi yarda da bakinki."

Na sami Inna tana tankaɗe. Na durƙusa ina haki na ba ta labari, har da abin da ba a ce ba, don ina magana ina ganin tudun ya yi kore. Ta ajiye rariya.

"Shi yac ce haka?"

"Da bakinshi, Inna. Da Ingilishi, shi da abokinshi. Bai ma san ina ji ba."

Sai ta ce, "To in bai san kina ji ba, gaskiya ce." Ta ɗauki rariyar ta ci gaba, amma na ga gari yana zuba gefen faifai. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ce ma wancan Allah shi yi albarka."

Na kai masa. Ya ce amin.

Kafin la'asar gari ya ji. Inna ba mai yawan magana ba ce, amma ranar har bakin rijiya ta je ba da tulu ba. Mota ba ta iya kaiwa gonarmu sai ta bi gefen gonar wani tsoho maƙwabcinmu, mutum mai tsanani a kan iyakarsa. Inna da kanta ta dogara sanda ta je ta roƙe shi. Ya ce, "In don gyaran tudu ne, ta bi ta kaina ma." Ya ƙara da cewa ƴaƴan yanzu ba su waiwayar ƙasa, ita Allah ya ba ta na kirki.

Ranar aikin Yaya ya fita tun da sassafe. Mun ji ƙugin kamyo, babbar motar kaya, daga nesa, ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Inna ta ce taki suke kaiwa, na ce lalle. Ta sa aka yanka zabi biyu. Ta yi tuwon dawa da miyar kuka, ta dama fura da nonon da ta saya wurin Bafillatanar da ke kawo mana. Ta yi wanka, ta ɗaura atamfar da Yaya ya kawo mata bara waccan, wadda take ajiya don suna da biki. Na aro amalanken baffanmu, na shimfiɗa mata tabarma a kai, na jera kwanuka, na kora jaki muka kama hanyar tudu da rana tsaka. Tana ta ba ni labarin inda ta samo wane dutse. Akwai wani babba mai faɗi, ta ce, da su uku suka mirgino shi, ɗaya cikinsu ta rasu, ɗaya tana Buza wurin ɗiyarta.

Kafin mu gani, mun ji. Ƙara ce ta dutse yana faɗawa kan ƙarfe, gwaram, gwaram, ba hutawa. Inna ta daina magana.

Da muka hau sai na kasa gane gonar. Layukan sama babu su. Inda suke dā sai dogayen tabo baƙaƙe a jikin jar ƙasa, masu danshi, saiwoyi farare a tsirara, tururuwa suna gudu da ƙwayayensu. Maza suna zura ƙarfe ƙarƙashin layi suna ɓamɓarewa, wasu suna ɗauka suna jefawa cikin kamyo. Ba taki. Ba buhun iri ko ɗaya. Na riƙa dubawa ina neman buhun, har ƙarƙashin motar na duba, kamar in na same shi sauran abin zai gyaru.

Ma'aikatan Hausawa ne daga wani gari. Da suka ga tsohuwa da kwanukan abinci sai hannuwansu suka yi sanyi, ɗaya bayan ɗaya suka tsaya. Wani mutum mai hular kwano ya taho wurinmu yana murmushi. Magini ne daga kudancin Najeriya, yana gina wa wani ɗan kasuwa gida a Madawa, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Yaya yana can bayan motar, ya juya mana baya.

Na tattaro Ingilishina na lakkwal, ina jin sa a bakina kamar tsakuwa, na tambayi mutumin me suke yi a gonar mahaifiyata. Murmushinsa ya ɗauke. Ya ce an gaya masa wurin ba na noma ba ne, waste ne, an yi watsi da shi, shi kuwa dutse yake nema na harsashin gini, ya saya. Na ce amma na ji an ce scatter. Ya ce e mana. Ya haɗa yatsun hannayensa biyu suka sarƙe, sannan ya fizge su da ƙarfi suka rabu. Ya nuna layin da ake ɓamɓara. "Scatter," ya ce. A Ingilishinsu na can, abin da aka gina ne ake yi wa haka.

"Mi yac ce?" Inna ta tambaya daga kan amalanke.

Na gaya mata duka, ban rage ba.

"Wagga kalma da yac ce yanzu, ita ce kinka kawo mini?"

"Ita ce, Inna."

"Ita ce watsa iri, ita ce rushewa?"

"A lakkwal watsa iri anka ce muna. Su kuma can..."

"Kalma guda?"

"Guda."

Ta dube ni. Ba fushi a idonta, da ma fushin ne. Kallo ne irin wanda ake yi wa igiyar guga da aka daɗe ana ja da ita, ranar da aka ga ta fara sili.

Ta ce in sauko da ita. Ta taka da sandarta har inda babban dutsen nan mai faɗi yake, an riga an tayar da shi an jingine, cikinsa mai danshi yana kallon rana. Ta ɗora hannu a kansa. Ta buɗe baki ta ce mini, "Ce ma wancan..." sai ta tsaya. "A'a. Bari."

Ta ɗaga murya, ta dubi Yaya kai tsaye, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. "Kai. Juyo." Ya juyo. "Kana bayana sa'adda munka mirgino wanga. Kuka kake, na ƙi sauke ka don rana." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ma'aikatan duk suka sunkuyar da kai, don sun san abin da ake nufi in uwa ta yi wa ɗan farinta magana a gaban mutane.

Maginin bai ji Hausa ba amma ya gane. Ya cire hularsa, ya yi ta cewa "Mama, sorry." Ya daka wa direba tsawa, aka juye lodin da ke cikin motar a bakin gona, tsibi guda. Waɗanda aka kai tun safe kuwa, ya ce da ni, suna Madawa an fara zuba musu siminti. Inna ta ce in sauke kwanuka. Ma'aikatan suka ce sun ƙoshi. Ta ce, "Don ku anka dahwa. Ku ci, ba ni komawa da shi." Suka zauna a inuwar motar suka ci. Yaya bai matso ba.

Washegari na same shi gindin dogon yaro, butar shayi a kan gawayi. Na tsaya a kansa, na rasa ta inda zan fara, don ban saba faɗa da kowa ba, balle shi.

"Yaya, ka san abin da kalmar ke nuhi."

"Na sani."

"Ka kuma san abin da ni na ɗauka."

Ya zuba shayi daga sama, ya mayar cikin buta. "Ni na ce iri? Tuna dai. Ke kinka ce iri. Ke kinka ce ciyawa. Ni mota na ce, kuma mota ta zo."

Na tuna. Na bi maganarmu ta bayan rumbu kalma kalma, kamar mai bin sawun ɓarawo, na tarar ko'ina sawuna ne. Ya tsallake kowace ƙarya ya bar ni na taka ta da ƙafata.

Ya ce, "Ke ba ki san komi ba, Auta. Kina can kina kallon gajimare. Gonar da ba mai hawa, duwatsu kwance suna barci, ni ina yawo gari ba ni da abin yi. In sayi moto in yi kabu-kabu, wa za ya ci? Ba ku ba?"

Na san yana cikin wuya. Na ga ramarsa, na ga takalminsa. Da ya zo ya ce Inna, ga halin da nake ciki, wataƙila da ta yi kuka ta ba shi layi ɗaya ko biyu. Da ma ya kwashe su a ɓoye ba da sanin kowa ba, da na ce yunwa ce. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne murmushin nan, da "Malama".

"Don mi ni?" na ce.

"Ke kinka taho da gudu. Ni ban kira ki ba." Ya miƙo mini kofin farko. Na bar shi da hannu a miƙe.

Bayan ƴan kwanaki Inna ta aika aka kira baffanmu da liman, ta ce a raba gadon da aka bari a haɗe tun rasuwar mahaifinmu. Aka zauna a zaure, mu mata muna daga bakin ƙofa. Mushe ya taɓa ce mana Ingilishi yana da kalma dabam ta rabon abinci tsakanin masu ci a kwano ɗaya, da wata dabam, separate, ta abin da aka raba don kada ya sake haɗuwa. Mu kalma ɗaya muke da ita. Da liman ya ce, "To, a raba," kowa ya ce madalla, kamar ana maganar goro. Kason Yaya ya faɗa a kwari. Tudun, abin da ya rage na tudun, ya zauna hannun Inna da ni.

Da aka tashi Yaya ya wuce ta gabana, ya rage murya ya ce, "You see? She wan separate us." Yana jira in amsa masa a ɗakinmu na dā, inda Inna ba ta shiga. Na ce, da ƙarfi yadda za ta ji, "Yi mini Hausa, Yaya." Bai yi ba. Ya sa takalminsa ya fita. Kafin damina ta kankama ya koma Madawa da sabuwar moto, babur ɗin kabu-kabu.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo da la'asar. Muna tsaye bakin ƙofa muna kallon tudu, sai muka ga ruwan yana saukowa ja, sannan baƙi. Baƙin nan ƙasar Inna ce, wadda ta yi shekaru tana taruwa a bayan layuka. Ta gangaro ta yanka kwazazzabo ta tsakiyar hatsin tsohon maƙwabcinmu. Da safe ya zo gidanmu. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gwiwa, ya tambayi awaki, ya ce an sami ruwa, Inna ta ce an gode Allah. Ya tashi ya tafi bai ambaci gonarsa ba. Inna ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai azahar.

Mushe ya ba mu ma'anar waste har kashi uku: ɓarna, da shara, da ƙasar da ba ta fitar da komai. Ranar da Yaya ya kira gonar haka a waya, akwai bagaruwa a cikinta da ƙasa mai kama hannu. Bayan ruwan nan ne na hau na ga jan fako ya fara leƙowa, sumul, kamar bai taɓa tafiya ba.

Sauran hutun na yi shi ina ɗaukar dutse daga tsibin da maginin ya juye. Na naɗa gammo, wuyana ya yi ciwo, ƙafata ta fashe. Inna takan zauna a amalanke tana nuna mini da sanda inda layi zai bi. Ban gama ko na biyu ba aka koma lakkwal. Ba ta taɓa ce mini ke kika jawo ba. Ko sau ɗaya. Tana ba ni naman da ya fi laushi kamar kullum, tana jira in yi mata kitso. Har na fara ce wa kaina abin ya tsaya a kan duwatsu.

Bayan girbi gwiwoyinta suka matsa, gwaggo ta ce a kawo ta asibiti Madawa. Na fito daga lakkwal na tarye ta a tasha. Yaya yana can cikin ƴan kabu-kabu, ya hango mu, ya taso da babur ɗinsa. Inna ta dubi wani gefe, muka taka da ƙafa a hankali.

Malamar asibitin baƙuwa ce daga yamma, ba ta jin Hausa sosai, mace mai haƙuri. Ta duba gwiwoyin, ta latsa, ta rubuta magani, sannan ta yi bayani da Faransanci dalla dalla: wannan da safe bayan an ci abinci, wannan a shafa, a rage hawan tudu. Ina tsaye kusa da kafaɗar Inna. Na riga na shirya maganar da Hausa, na ja numfashi zan fara.

A kan bencin da ke bakin ƙofa akwai wata mata da goyo, ba mu san ta ba, tana riƙe da takardarta tana jiran layi. Inna ta juya gare ta.

"Ɗiyata, kin yi lakkwal?"

"Kaɗan, Inna."

"To taimake ni. Mi likita tac ce?"

Matar ta dube ni, ta dubi kayan lise da ke jikina. Sannan ta faɗa mata. Daidai ta faɗa, ba ta bar komai ba, abin da zan ce ne kalma da kalma. Inna ta gyaɗa kai, ta sa mata albarka, ta ƙulle maganin a bakin zanenta. Ta miƙo mini hannu in tashe ta, na tashe ta, muka fito.